Mma Sanatu, Mai Ɗinka wa Tabo Riga

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk wanda ya bi ta layin bayan masallacinmu na unguwar Sakasaka a Tamale da hantsi, ƙarar keken ɗinkin Mma Sanatu yake fara ji kafin ya ga shagon. Shagon ma ba abin kallo ba ne: ɗaki guda na langa-langa, benci a gindin darbejiya, sai wani labule mai kauri da ya raba ciki biyu. Babu allo a ƙofa, babu hotunan ɗinkin yayi a bango. Da ta yi asuba ta sha kokonta, sai ta hau tsohon baburinta ta iso. Ta share ƙofa, ta ɗiga wa keke mai, ta fito da ƙwaryar man kaɗanya ta ajiye inda rana za ta taɓa shi ya yi laushi. Daga nan ta wanke hannuwanta tas, kamar mai shirin karɓar haihuwa, ta zauna tana jiran wanda zai fara ɗaga labule.

Ran Talata kuwa ba a samunta sai bayan azahar, don ranar ake kwance dilar gwanjo a kasuwar Aboabo. Mata suna wawason atamfa da riguna, ita tana can gefe tana tonon wandon 'yan tseren keke, da kayan ninkaya, da ɗamarar matse ciki. Duk masu gwanjon sun san ta.

"Mma, ga na 'yan tsere ya zo sabo fil! Wa za ki tsere wa bana?"

"Kakarka zan tsere wa. Miƙo in ja in gani."

Sai ta ɗora yadin a gwiwa ta ja shi iya ƙarfinta, ta saki. In ya koma yadda yake nan take, ta jefa a buhu. In ya yi sanyin jiki, ta wurga wa mai shi abinsa a fuska, kasuwa ta kwashe da dariya.

Wanda bai sani ba zai ce tsohuwar ta fara ruɗewa. Amma duk gidan da wuta ta taɓa shiga a Tamale ya san abin da take nema. Ƙuna in ta warke, ba ta gama aikinta ba. Tabon yakan taso ya yi kauri kamar ƙirgi, ya riƙa ƙaiƙayi, ya riƙa jan fata har yatsu su lanƙwashe, haɓa ta nemi ƙirji. Likitoci sun ce maganinsa a matse shi dare da rana, shekara guda ko biyu, da riga mai roba da aka yanka daidai jikin mai ita. Irin wannan riga daga waje ake kawo ta, ba kasafai take zuwa ba, in ta zo ma da wuya ta dace da kowa. Mma Sanatu ce take ɗinka mana ita. Takan auna hannu duk bayan yatsa biyu, ta bar bakin ɗinkin ta waje don kada ya goge sabuwar fata. Bayan wata uku robar ta saki, mutum ya dawo a sake awo. Shi ya sa ta ga abin da likita ba ya gani. Likita yana sallamar mutum ran da miki ya rufe. Ita kuwa daga ranar take karɓarsa, ta yi ta ganinsa shekara da shekaru.

Ba a makaranta ta koyo ba, a jikinta ta koyo. Tana da shekara ashirin da takwas, tela ce mai ɗinka kayan makaranta, ta je taya gwaggonta dafa man kaɗanya. Ƙafarta ta harɗe da itace, tukunya ta kife mata a kafaɗar hagu, man ya bi hannu da haƙarƙari, ya taɓo gefen wuya. Wata biyu tana kwance a asibiti. Ran da za a sallame ta, wata nas mutuniyar kudu, Sista Akosuwa, ta ba ta rigar matsi guda da ta rage cikin kayan taimako. Mma Sanatu takan ce rigar, mata biyu irinta za su shiga su zauna su yi hira. Da ta koma gida sai ta warware ta zare bayan zare, ta ga yadda aka yanka, ta rage ta mayar. Ran da ta koma asibiti a duba ta, Sista Akosuwa ta juya ta sau uku tana dubawa. Can ta ce, "Sanatu, akwai wani bawan Allah a gado na huɗu. Kin zo da abin awonki?"

Kada a ɗauka daga ranar ta zama jaruma. Da bakinta ta gaya mini shekara huɗu cur ba ta taka gidan biki ko suna ba. Tana ɗinka wa mutane, tana ba su baki, ta koma gida ta juya madubi ya kalli bango. Maigidanta Mba Sumani, direban motar Yendi ne a lokacin, yakan dawo ya tarar ta naɗe kanta da mayafi cikin zafin bazara, ya ce, "Wai ke wa kike ɓoye wa? Ni dai ba kafaɗa na aura ba." Ta ce ya tafi can da surutunsa. Sai a shekara ta biyar, a bikin ƙanwarta, makaɗa suka zo gabanta suka tsaya suna kiran sunan kakanta, ƙafarta ta ƙi zama. Tana cikin rawa mayafi ya zame ya faɗi. Ta ce ta ji iska a kafaɗarta, ta ji idanun mutane, ta kuma ji kiɗan bai tsaya ba. Sai da ta kai ƙarshen rawar ta sunkuya ta ɗauka.

Cikin mutanen da suka ɗaga labulen nan, waɗanda ita kanta ba ta san adadinsu ba, labarin Shirazu mai walda na roƙi izinin bayarwa, shi da matarsa Zelia suka ce in bayar.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, Shirazu yana da talatin da biyu, yana aiki a garejin Lamashegu. Aka kawo tankin man wata mota a liƙe, aka ce an wanke. Yana kai wuta tankin ya tashi. Fuska, wuya, ƙirji, hannu biyu. Da aka sallame shi bayan wata uku, ya shiga ɗaki ya toshe taga da tabarma. Zelia ce ta zo shagon ita kaɗai, goye da jaririyarsu Suhuyini, ta durƙusa ta gaisar, ta zaro tsohuwar rigarsa daga jaka.

"Mma, an ce ke ce mai ɗinkin. Ga rigarsa, ki auna da ita."

"Rigar ce ta ƙone?"

"A'a, Mma."

"To ina mai rigar?"

Zelia ta sunkuyar da kai. "Ko ni ba ya bari in shiga da fitila."

Mma Sanatu ta rufe keke, ta ce ta hau bayan babur. Da suka isa ta yi sallama sau uku ba a amsa ba, ta tura ƙofa ta shiga, ta fizge tabarmar taga. Shirazu ya juya fuska bango yana cewa wace ce wannan, a fitar masa da ita. Mma ta matso. Ta cire mayafi, ta zame wuyan rigarta, ta zagayo ta tsaya inda dole ya gan ta.

"Ɗago ka duba, ɗana. Ni ma na shiga inda ka shiga."

Ya ɗago ya duba, ya daɗe. Sannan ya ce, "Naki zane yana rufewa. Nawa fa? A fuska yake."

Zelia ta ce tana bakin ƙofa tana jira ta ji an fara wa'azin haƙuri, irin wanda ya riga ya sha har ya ƙoshi. Sai ta ji Mma ta ce, "Gaskiyarka. Naka ya fi nawa, ba zan yi maka ƙarya ba. Miƙo hannun."

Ya miƙa. Tun ranar da abin ya faru, in ban da ma'aikatan asibiti, ba wanda ya taɓa fatar nan ba tare da ya ɗauke numfashi ba. Ita kuwa ta kama kamar ta kama yadi, tana awo tana mita wai hannun maƙera duk tsoka ne, za su cinye mata roba.

Ke ce wannan, Mma Sanatu. Ke ce ba kya kau da ido, ba kya kuma zuba ido. Mutum ya zo miki yana jin kansa abin tsoro, ki sa shi ya ɗaga hannu, ya juya, ya tsaya da kyau, har ya tuna ashe shi mai kawo ɗinki ne kamar kowa.

Shekarar farko faɗa suka yi ta yi. Wanda bai sa rigar matsi a watan Maris a Tamale ba, bai san zafi ba. Ga gumi, ga ƙaiƙayin da ba ya jin susa. Sau biyu Shirazu yana sa almakashi ya farke ta. Sau biyu tana ɗinkewa ta kai masa har gida, ta zauna sai ya sa a gabanta.

"In ka sake farkewa, da wayar walda zan ɗinke ta a jikinka, ka ji na gaya maka."

"Mma, wuta ce fa a ciki."

"Na sani. Na sa ta wata goma sha tara. Ɗaga hannu."

Ta koya wa Zelia yadda ake murza tabo da man kaɗanya, da babban yatsa, a zagaye, safe da yamma, ko yana zagi. A lokacin gidan bai rabu da mutane ba: abokan gareji, 'yan uwa daga Kumbungu, wannan ya kawo doya, wancan ya kawo zabi. Shirazu yana shan wuya, amma yana da abin yaƙa, yana da masu kallo.

Shekara ta biyu ce ta kusa kayar da shi. Miki ya rufe, masu dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa ya gan shi sai ya ce, "Ai ka warke, sai godiya." Shi kuwa a lokacin ya gane fuskar nan ita ce fuskarsa har abada. Ya gwada zuwa gareji sau ɗaya, yana jin ƙarar walda daga nesa sai ya yi amai a bakin hanya ya dawo. Zelia tana soya ƙuliƙuli tana ciyar da gida, shi yana zaune. Wata safiya ya kira ta ya ce ta haɗa kayanta ta koma gidansu, ba don ta yi laifi ba, don yarinya ce, bai kamata ta ƙare rayuwarta tana shafa wa gawa mai ba. Ya ba ta kwana bakwai.

Zelia ta zo shago tana kuka har ba a jin abin da take faɗa. Mma Sanatu ta bar ta ta gama, ta ba ta ruwa.

"Ke kina son tafiya?"

"In tafi ina, Mma? Mijina ne."

"To koma gida ki ɗora tukunya. Kada ki haɗa ko tsinke."

Washegari da hantsi sai ga Mba Sumani ya tsaya da mota a ƙofar gidan Shirazu, shi da Mma suka sauke ƙafar keken ɗinki, ta baƙin ƙarfe, ta karye gida biyu. Suka ajiye a tsakar gida.

"Shirazu! Fito ka ga abin da ya same ni."

Ya leƙo. "Mma, ki kai Lamashegu, masu walda sun fi ɗari."

"Ban san su ba, kai na sani. Keke ɗaya gare ni, kuma mutum goma sha ɗaya ke jiran riga, har da wata mai shayarwa da yatsunta suka fara lanƙwashewa. In ka gyara, su samu. In ba ka gyara ba, su jira." Ta juya ta shiga mota.

Ba barazana ba ce, shagon rufe shi ta yi. Mu maƙwabta mun ga kwana uku ba a ji ƙarar keke ba, mun ga mutane suna zuwa suna komawa. Mun kuma ga Mma Sanatu zaune a benci tana jan carbi, fuskarta ba walwala, don ta san in dabarar ta ƙi, ta cuci mutum goma sha ɗaya a banza, kuma auren ya mutu duk da haka. Rana ta uku Mba Sumani ya ce ta haƙura ya ɗauko a kai wani wurin. Ta ce a ƙara kwana ɗaya.

A can gidan, Zelia ta ce kullum sai ya fito ya zagaya ƙarfen, ya tsuguna ya shafa bakin karayar, ya koma ɗaki. Rana ta huɗu da sassafe ya ce ta nemo masa amalanke. Ya ja hula har gira, ya tura da kansa har Lamashegu, rumfar wani abokinsa. Abokin ya ce da ya kama abin waldar, sau biyar yana kaiwa yana janyewa, gumi ya jiƙa rigar matsin sharkaf. A na shida wuta ta kama. Aikin da a da zai gama kafin shayi ya huce, sai da ya kai azahar. Liƙin ya fito da muni, ƙulu-ƙulu kamar tabon mai shi. Har yau yana nan a ƙafar keken, bai taɓa motsi ba.

Da ya kawo, Mma ta taka keken ta ji, ta ce, "Ba laifi. Ƙofar gidana ma ta saki, gobe ka zo ka duba." Maganar kwana bakwai kuwa, ba wanda ya sake tayar da ita. Zelia ta ce a rana ta takwas ya tambaye ta ko akwai sauran tuwo, shi ke nan.

Sai bayan shekaru, suna hira a benci, Shirazu ya dubi Mba Sumani ya ce, "Mba, ni fa ƙarfe ne sana'ata. Na san karayar tsufa, na san ta guduma. Tun ranar na gani."

Tsohon ya nuna matarsa da baki. "Ni umarni aka ba ni. Sau uku ina dukan abin nan, hannuna har yau bai daina tsami ba."

"Ƙarya yake," in ji Mma, tana zura zare. "Sau biyu ne, na ukun ƙasa ya daka."

A shekara ta biyar Shirazu ya kafa rumfarsa, yana ƙera ƙofofi da tagogi, tanki kuwa ko kyauta ba ya taɓawa. Ya daina sa rigar matsi tuni, amma bai daina zuwa shagon ba. Ya yi ƙiba, ya koma tsokanar mutane. Muka ce ai ya haye.

Mma Sanatu ba ta taɓa cewa wani ya haye ba. Takan ce abin nan yana tafiya yana dawowa, sai dai kowace dawowa ba ta kai ta baya daɗewa. A shekara ta tara kuwa ya dawo. Suhuyini, wadda aka zo da ita a goye, ta shiga aji uku, ta ce wa uwarta don Allah Baba ya daina kai ta makaranta, yara suna kiransa dodo. Shirazu ya ji da kunnensa. Da la'asar ya zo shago ya zauna bai yi gaisuwar kirki ba, ya ce ta ɗinka masa abin rufe fuska, ido kawai za a bari.

Ta gaya mini ranar ba ta da dabara ko ɗaya. Ba abin da za ta karya. Ta ce, "Zan ɗinka in kana so, amma ba yau ba." Ta tura masa ƙwaryar gyaɗa ya riƙa ɓarewa, ta ci gaba da aikinta. Can ta ba shi labarin ranar da ɗanta na fari ya ƙi ta rungume shi a gaban abokansa, da yadda ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta fito ta zuba masa abinci. Ta ce, "Yarinyar ba kunyarka take ji ba, tsoron yara take ji. Ita ma ƙunar ta taɓa ta, ba ta dai da tabon da za ta nuna." Ya zauna har aka kira magariba. Bai sake tambayar abin rufe fuskar ba, amma wata shida bai yi dariya ba. Ya riƙa sauke yarinyar a kwanar makaranta. A hankali kwanar ta riƙa matsowa, har wata rana ita da kanta ta ce ya shigo ya ga inda take zama.

Bara aka ɗaura wa Suhuyini aure. Mai hoto ya zo, Shirazu ya zame zai ba da wuri, amarya ta riƙe gefen rigar saƙinsa ta ce ba a ɗauka sai da shi a tsakiya. Ranar ce kuma muka fara ganinsa da rigar saƙi ba tare da mai dogon hannu a ciki ba. Da aka tambaye shi, ya ce zafi ake yi.

Ba kowa ne ya zama Shirazu ba, ita ce kuma ta ce lallai in rubuta wannan. Akwai Neindow, manomi daga wani ƙauye bayan Savelugu, wanda wutar daji ta ritsa da shi. Nasa bai kai rabin na Shirazu ba. Ya sa rigar sati biyu ya yar, ya koma ƙauye. Sau uku tana hawa babur ta bi shi, sau uku yana cewa a ce mata ba ya nan, tana hango ƙafarsa ta ƙasan zana. Tabon ya ja wuyansa ya karkace. Yana nan da rai, ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa Juma'a. Duk sanda ta ga ɗan ƙauyen sai ta ba da man kaɗanya a kai masa, ba ta sani ba ko yana shafawa. Takan ce girman ƙuna ba shi ke faɗin yadda mutum zai ƙare ba. Ta ga mai tabo kamar tafin hannu ya rufe kansa har tsufa, ta ga wadda bayanta duka ya tafi tana rawa a bikin jikarta. Abin da ta lura, wanda ya samu aikin da ake jiransa ya yi, da mutum ko ɗaya da zai ci tuwo ƙwarya ɗaya da shi ba tare da ya ɓata fuska ba, yawanci shekarunsa na gaba sun fi na baya daɗi.

Yanzu yanar ido ta dushe mata gani, gwiwa kuma ta ƙi taka keke. Watan jiya ta miƙa shagon ga Barikisu, wadda tukunyar gas ta fashe da ita a gidan abinci shekara goma sha biyu da suka wuce, ta zo awo ta zauna koyo, da yatsu uku masu lanƙwasa take ɗinkin da ya fi na masu biyar. Barikisu ce ta aika wa mutane cewa a zo ran Asabar a yi wa Mma sallama. Mun zaci mutum ashirin. Kafin azahar layin ya toshe da babura. Daga Yendi, daga Walewale, har daga Bolga. Direbobi, masu abinci, malamar makaranta, wani limami. In ka ga taron daga nesa sai ka ce suna ake yi, don hayaniya da dariya da yara.

Tana zaune a benci, ba ta gane fuska sai an matso ƙwarai. Sai mutum ya durƙusa ya yi shiru da gangan, ta kai hannu ta shafa wuyansa ko damtsensa, ta ce, "Wannan ai Damba ne, mai gidan burodi. Ka daina shafa mai ko? Ji yadda ya bushe." Taro ya ɗauki sowa. Ta yi haka da mutum ya fi talatin, biyu kawai ta kuskure, su ma ta ce laifinsu ne da suka yi ƙiba.

Aka ce Shirazu ya yi magana a madadin kowa. Ya miƙe yana murza hula. Wani ɗan jarida da ya biyo taron ya riga ya tambaye shi ko yanzu zai ce ƙunar alheri ce gare shi, sai ya fara da nan.

"An ce in ce alheri ce. Mma ta hana ni ƙarya tun ranar da ta fizge min tabarma. Wallahi da za a maido min da fatata yau, da gudu zan karɓa, ko takalmi ba zan tsaya sawa ba." Aka yi dariya, masu tabo suka fi kowa. "Amma jiya Zelia ta tambaye ni yaushe rabon da in tuna da ita, na yi ta lissafi, na ga tun kafin azumi ne. A da kuwa kafin in buɗe ido nake tunawa. Ina da aikina, ina da matata, na aurar da 'yata, an ce min jika na hanya. In an tambaye ni yaya rayuwa, ina cewa lafiya lau, kuma ba don gaisuwa nake faɗa ba. Mma, ban san yadda ake gode wa wannan ba."

Ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa ta daɗe. Can sai ta ce, "Tashi, kana tare wa mutane hanyar abinci."

To, mu da muka sha inuwar darbejiyar nan tare da ke, bari mu faɗa tunda kin hana shi. Ke ce tela mai auna abin da kowa ke tsoron kallo. Ke ce kika bi mutane ɗaki-ɗaki kina buɗe taga. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba a rataya miki lamba ba, amma akwai yatsun da ke riƙe da sitiyari da alli da muciya a garin nan saboda ke, akwai aure da dama da ke tsaye saboda ke.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya ɗinki ba. Akwai mai tabo a unguwarku, ko a layin sallarku, ko a cikin danginku. In kun gaishe shi, ku dubi idonsa. In yana da sana'a, ku kai masa aiki, ku yi masa ciniki da mita kamar yadda kuke yi wa kowa. In an kira biki, ku aika masa goronsa, in bai zo ba ku sake aikawa a na gaba. Telolinmu kuma, Barikisu ta ce ƙofarta a buɗe take ga duk mai son koyo, don hannu biyu ba za su ishi arewa duka ba.

Mun gode, Mma Sanatu. Allah Ya ba gwiwarki sauƙi, Ya washe miki idanu ki ga jikan Shirazu da kanki, Ya bar ki da tsohonki kuna musu har ƙarshe. Wutar da kika gani a duniya kuma, Allah Ya sa ita ce ta ƙarshe da za ki gani.